Jinin Musa Bai Dace Ba

Ni Zulai, kowa a Janfalan ya san ba a yi mini rufa-rufa. In mace ta shigo gidanmu da fara'ar da ta wuce ƙima, kafin ta zauna na gano abin da ta zo nema. In mai awo ya cika mini mudu ya yi tozo ban roƙa ba, sai na zazzage hatsin na duba ƙasansa. Haka Allah ya yi ni, kuma da can har alfahari nake da abin. To ku zauna ku ji yadda wannan hali nawa ya taɓa auren ƙanena Musa.

Ni na raini Musa. Yana shekara uku innarmu ta rasu, a bayana ya ƙarasa wayo. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu da sana'ata ta ƙuli-ƙuli, ɗakina yana manne da nasa. Ina nan ya auro Jamila daga Gazara, yarinya mai shiru-shiru, ba ta mayar da magana, kullum "to, Yaya," "sannu, Yaya." Wallahi wannan shirun nata shi ya fi ba ni haushi. Mai surutu ka san cikinsa, amma wanda ya yi gum, me yake ɓoyewa?

Shekarar da ta sami cikin Rumaisa, Musa yana kudu wajen ci-rani, lodin albasa. Bai zo gida ba sai da Babbar Sallah, kwana tara ya yi ya koma. Ranar da aka haifi yarinyar na shiga ɗaki na ƙirga watanni da yatsuna, ina faɗarsu a fili, har sau uku. Ƙirga ta fita daidai. Maimakon in ji daɗi, sai na ji kamar an ƙwace mini wani abu. Sannan ga Salman, ɗan baffan Jamila, ɗan acaba a Makarfi, wanda aka ce shi ya fara nuna yana sonta kafin Musa. Duk sanda ya kawo fasinja wajenmu sai ya biyo da rake ko lemo ya ba yarinyar. Ban taɓa cewa komai ba. Kallo kawai nake, ina ajiyewa a raina.

Rumaisa tana shekara huɗu, ƙarshen damina, masara ta bushe a gona, sauro ya yi mana yawa, zazzaɓi ya kama ta. Aka sayo magani a kyamis, ya sauka, ya dawo. Kwana biyar ana haka. Safiyar na shida na ɗaga tafin hannunta na ga ya yi fari fat kamar an wanke shi da toka. Ko kuka ba ta iyawa, sai numfashi sama-sama. Ranar kasuwar Makarfi ce, motoci duk can suka nufa, don haka asibitin can muka kai ta, ni da Musa da Jamila da cikinta na wata bakwai.

Wata nas ce ta karɓe mu, Sista Winifred, doguwa, 'yar kudancin Kaduna, ba ta da wasa. Ta ja fatar idon yarinyar ƙasa ta duba, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kwana nawa kuka zauna da ita a gida haka?"

Aka ɗebi jinin Rumaisa aka kai gwaji, likita ya zo ya duba takarda, ya ce zazzaɓin ya ƙone mata jini, sai an yi mata ƙari yau ɗin nan, ba gobe ba. Irin nata kuma babu a ajiye, wanda ya rage an sa wa wata mai haihuwa da safe. Sai dai dangi su bayar.

Jamila ta miƙe tana naɗe hannun riga. Sista ta dafa kafaɗarta ta zaunar da ita. "Ke da wannan cikin? Ke ma da ƙyar naki yake isarki. Uban ya je, ke ma Mama ki bi shi."

Ɗakin gwajin ɗan ƙarami ne, layi har waje saboda ranar kasuwa. Mai gwajin sunansa Ilisha, Kirista ne daga wani ƙauye ta wajen Ikara, Hausarsa irin tamu ce sak. Ya tsaga wa Musa yatsa, ya ɗiga jinin wuri uku a kan wani farin tangaran, ya zuba wasu ruwaye masu launi, ya juya. Ni ma ya yi mini haka. Ya rubuta wa kowa katinsa ya miƙo mana.

"Malam, naka ba zai yi mata ba. Inna, ke ma haka. Ku biyu rukuninku ɗaya, nata daban ne. Ku nemo wani da sauri."

Musa ya yi dariya irin ta wanda bai gane ba. "Ni ne ubanta fa."

"Na ji. Ai ana samun haka, ba wani abu ba ne. Na gaba!"

Ana samun haka. Ya faɗa da bakinsa, kunnena ya ji. Amma hankalinsa na kan layi, nawa kuma ya riga ya tafi wani wuri. Mu a ƙauye me muka sani? Mun san ana cewa ɗa jinin ubansa ne. Da wannan muka tashi, da shi ake rantsuwa, da shi ake rabon gado. Yau ga mai ilimi da farar riga ya auna ya ce jinin uba daban, na 'ya daban. Sai na ɗauka cewa "ana samun haka" ɗin nan rufin asiri ne irin na ma'aikata, don kada a yi faɗa a gabansu. Har kallon fuskarsa na yi, na ga kamar yana kauce wa idona. Alhali bawan Allah allura yake nema a cikin kwali.

Muka fito. Musa yana ta jujjuya katin a hannu. Muka tsaya a inuwar wata darbejiya a harabar asibitin.

"Yaya, kin ji abin da ya ce?"

"Na ji."

"To me yake nufi?"

Da na ce masa "oho, mu nemo jini tukuna," da yau ba na ba ku wannan labari. Amma shekara huɗu ina riƙe da abu a maƙogwaro. Na ce, "Ni da kai uwa ɗaya uba ɗaya, ka ga namu ya zo ɗaya. Haka jini yake, ba ya ƙarya. Sauran kuma kai namiji ne, ka yi tunani."

Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Kwana tara ka yi a gida waccan shekarar, ko na yi ƙarya?"

Ya zauna a kan wani dutse ya dafe kai.

Muna nan sai ga ƙarar mashin. Ashe Jamila tun muna layi ta buga waya gidansu, babanta ya ce ga su nan tafe daga Gazara, amma a kira Salman tunda shi yana cikin gari. Ai kuwa ko minti goma ba a yi ba ya iso, ya jingine mashin ko makulli bai zare ba, ya durƙusa ya gaishe ni a gurguje.

"Yaya Zulai, ya mai jiki? Malam Musa, Allah ya ba ta lafiya. Ina ake bayarwa?"

Na bi shi da kallo. Wannan rawar jiki fa? Ɗan baffa ne kawai, amma gumi har wuya, ido ya yi ja. Na taɓo Musa da ƙafa na ce, "Mu je mu gani."

Muka tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwaji. Ilisha ya tsaga, ya ɗiga, ya juya. Sai ya ɗago da murna.

"Yawwa! Wannan ya yi. Irin nata ne daidai. Bari in duba lafiyar jinin, in ba matsala mu ɗiba."

Tabɗi! Na ji wani abu ya tsarga mini daga kai har ƙafa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ne. Daɗin wanda aka daɗe ana ce wa mai mugun zato, yau gaskiyarsa ta fito. Yarinya tana can tana numfashi da ƙyar, ni kuma ina nan ina jin daɗi. Na juya na ce wa Musa, ba ma a hankali ba, yadda duk layin suka ji:

"To ka gani. Na uba ya ƙi, na ɗan baffa ya karɓa."

Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi." Salman ya dube ni da auduga a yatsa, bai ma fahimta ba tukuna. Musa kuwa ya juya ya nufi ɗakin yara da wani irin sauri da ban taɓa gani a wurinsa ba, na bi bayansa zanena yana harɗe ni.

Jamila tana zaune a bakin gado tana yi wa yarinyar fifita da gefen hijabinta. Ta ɗago. "Baban Rumaisa, an samu?"

"An samu. Na ubanta aka samu." Ya jefa mata katin a cinya. "Shekara huɗu kina kallona ina ciyar da 'yar wani? Shekara huɗu, Jamila?"

Ta dubi katin, ta dube shi, sannan ta dube ni. A kaina idonta ya tsaya. Ba ta tambayi komai ba, ta riga ta san daga inda maganar ta fito.

"Wallahi jinin mutumin nan ba zai shiga jikinta da yardata ba," in ji Musa. "Ke kuma na sake ki. Saki ɗaya."

Innalillahi. Ni fa ban yi zaton abin zai kai nan da wuri haka ba, kuma a gaban mata shida masu jinya. Na so a ce an koma gida, an tara manya, an titsiye ta. Amma magana ta fita. Na jira in ga Jamila ta fasa kuka ko ta fara rantse-rantse. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ta ci gaba da fifita, ta ce a hankali:

"Na ji. A sa mata jinin dai. Na kowa ne, a sa mata."

Har wannan ma sai na fassara shi da cewa ba ta musa ba.

Sista Winifred ta shigo kamar za ta daki wani. "Wane ne yake mini ihu a kan marasa lafiya? Malam, kai ne ka ce ba za a sa jini ba? Ka ga leɓen yarinyar nan? Ka gan shi? Ku yi haukanku a waje, ni jini nake so cikin awa ɗaya, in ba haka ba ku da Allah!"

Musa ya kafe. Ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu, ban da na Salman. Salman yana baranda, yanzu ya gane, yana ta rantsuwa yana hawaye, wasu maza biyu sun riƙe shi. Na dubi Rumaisa. Idonta a buɗe rabi, bakinta ya bushe. Ko 'yar wa ce, ni na yi mata wanka tana jaririya, ni take kira Goggo. Tsoro ya kama ni sosai.

Sai na tuna da 'yar wajena da ke aure a cikin Makarfi. 'Yar farina ce, kuma kun san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce nata ne. Shekara ashirin da biyu ban taɓa faɗin sunanta ba, "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan." Tunda labari nake bayarwa dole in faɗa: Mukarrama. Na buga mata waya na ce ta bar duk abin da take yi ta zo. Mijinta ya kawo ta, ƙatuwa mai jini a jika, ta yaye ɗanta tun bara.

Na ja ta ɗakin gwaji. Ilisha yanzu ba murna a fuskarsa. Labarin abin da ya faru ya iso masa, ga jinin Salman da ya gama dubawa lafiya ƙalau amma an hana ɗiba. Ya tsaga mata yatsa, ya ɗiga, ya juya. Ya tsaya yana kallo. Sannan ya ce wa abokin aikinsa ya kwantar da ita a fara shiri, nata ya yi.

Na ce alhamdulillahi, na juya zan fita.

"Inna, dakata. A kira mini Malam Musa."

Aka kira shi. Ya shigo ido jajir ya tsaya a jikin bango. Ilisha ya rufe ƙofa, ya bar layin yana ta ƙorafi a waje. Ya nuna Mukarrama da ke kwance a kan benci.

"Wannan baiwar Allah, mece ce ita a wurinki?"

Na kau da kai. "'Yar gidanmu ce."

"'Yar gidanku kamar yaya? 'Yar ƙanwarki? 'Yar riƙo?"

"Yarinyar gida ce dai. Kai ina ruwanka? Ka ɗebi jini."

"Da ruwana, Inna. A bakin ƙofata kika tsaya kika faɗi magana da sunan aikina. Wa ya haife ta?"

Kai, wannan yaro ya ƙure ni. Mukarrama ta rufe fuska da mayafi don kunya. Musa ya buɗe baki zai amsa mini, Ilisha ya ɗaga masa hannu. "Ita nake so ta faɗa."

Na ce, "Ni na haife ta. Ni Zulai, a ɗakina, a kan tabarmata, kwana biyu ina naƙuda. Ungozomar tana nan da ranta in kana son shaida. Sai me?"

"Babu wanda ya musanya miki ita?"

"Kai, ka kiyaye ni!"

Ya karɓi katina da ya rubuta ɗazu, ya ɗauko nata, ya ajiye su gefe da gefe a kan tebur. Ko ban yi boko ba na ga alamar da ke jiki ba iri ɗaya ba ce.

"To kin gani. Jininki da na 'yar da kika haifa da cikinki ba ɗaya ba ne. Da ita ce kwance a gadon can yau, naki ba zai yi mata ba, sai mu ce ki nemo wani. Kamar yadda na Malam Musa bai yi wa tasa ba. Ɗa yana ɗaukowa daga uwa, yana ɗaukowa daga uba, wani lokaci abin da ya ɓuya a jikinsu shi ke fitowa a jikinsa. Irin na yarinyar nan kuwa shi ya fi yawa a ƙasar nan. In na fita layin nan na auna mutum goma, wajen biyar irinsa ne da su. Duk su ne ubanta? Ni kaina irinsa gare ni. Ni ma ubanta ne?"

Ɗakin ya yi mini ƙanƙanta. Na nemi abin da zan kama in ce ƙarya yake, ko ya haɗa baki da su, ko an ba shi wani abu. Wallahi na nema, don zuciyata ta saba. Amma Mukarrama a gabana take, ni na san zafin da na sha a kanta, babu mai gaya mini. Musa ya zame a jikin bango ya zauna a ƙasa.

"Yaya," ya ce. "Yaya, kin kashe ni."



Wajen la'asar aka rataya ledar jinin a kan ƙarfe kusa da gadon Rumaisa. Sista Winifred ta nemi jijiya da ƙyar a bayan hannunta, ta ɗaure da filasta, ta saita abin yana ɗiga ɗaya-ɗaya. Ta ce awa huɗu zai ɗauka, kada wanda ya taɓa, in jikinta ya yi zafi ko ta fara rawar sanyi a kira ta nan take. Na tsaya daga ƙofa, ban iya ƙarasawa ciki ba. Ina kallon jan abin yana bin siririn tiyo yana shiga. Kafin ledar ta yi rabi, leɓen yarinyar ya fara komawa launinsa. Can ta buɗe ido ta ce tana son koko.

Musa ya durƙusa a gaban gado, a gaban matan nan shida da suka ji na farko, ya ce, "Jamila, na mayar da ke. Ku shaida na mayar da matata. Ki yafe mini, sharrin shaiɗan ne."

Shaiɗan ɗin yana tsaye a bakin ƙofa da zanen atamfa. Jamila ba ta dube shi ba, ba ta dube ni ba. Koko take hurawa a cokali.

Salman kuwa tun kafin a rataya jinin ya hau mashinsa ya tafi. Mahaifin Jamila ya iso da ƙannenta biyu, aka gaya masa komai a baranda. Dattijo ne mai sanyi. Bai zagi kowa ba, ya amsa gaisuwata ma, abin da ya fi mari ciwo. Kwana uku aka yi aka sallami Rumaisa. Muka fito da kaya, Musa ya tsayar da motar Janfalan, sai muka ga dattijon ya riga ya kawo tasa. Ya ce yarinya tana bukatar hutu, uwarta ma haka, za su ɗan kwana biyu a Gazara. Wa yake da bakin hanawa?

Kwana biyu suka zama sati uku. Musa ya je sau huɗu, ya tura liman, ya tura mai unguwa. Kowa sai a karɓe shi da mutunci, a ba shi fura, a ce Jamila tana hutawa. A Janfalan kuwa magana ta riga mu isa, matan da ke layi ranar sun kai ta kasuwa, kasuwa ta raba wa ƙauyuka. Rabin farko kawai ya yi tafiya. Bayanin Ilisha a ɗaki aka yi shi, ƙofa a rufe. Na bi gida-gida ina ƙaryata kaina, ni da ban taɓa cewa na yi kuskure ba. Wasu su ce, "Allah sarki," wasu su yi murmushi su ce, "Ai dole ki rufa wa ƙanenki asiri." Irin murmushin da ni nake yi wa mutane, shi aka yi mini.

Musa ya daina cin abincina. Gonarsa ta masara tana tsaye ba a karya ba har ta fara zubewa. Rannan da safe na ce masa ya ɗauko mashin ya kai ni Gazara, ni zan yi bikon da kaina. Na soya ƙuli-ƙuli cikin kwano, na sayi sabulu da turmin atamfa. Da muka isa ya ce shi ba zai shiga ba, zai jira a ƙofar gida.

Na yi sallama. Rumaisa ce ta fara ganina, ta taho da gudu ta faɗa jikina, ta yi ƙiba, kumatu sun dawo. "Goggo! Ina Baba?" Na ce yana waje, ta fita da gudu. Jamila ta fito daga ɗaki, ciki ya yi nauyi, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ni.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya? Ya mutanen gida? Ya sana'a?"

Duk ta bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na kasa shan ruwan. Na sauka daga tabarmar na durƙusa a ƙasa a gabanta, ni da na girme ta da shekara ashirin. Na ce mata laifin nawa ne, Musa bakina ya bi. Na gaya mata har ƙirgar watannin da na yi ranar haihuwa, da kallon da nake yi wa raken Salman, ban rage komai ba. Na yi kuka, kukan gaske, har majina. Na ce ta dubi Allah ta dubi yarinyar nan ta dawo ɗakinta.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Tashi, Yaya, ba kyau babba ya durƙusa wa yaro. Ƙirgar da kika yi na sani. Ina kwance ina jinki ta jikin bango, har sau uku."

Na ɗago na dube ta.

"Shekara huɗu na san abin da ke ranki. Na ce in na yi haƙuri za ki gaji. Shi kuma na ɗauka ko duniya ta taru a kaina shi ba zai yarda ba. Minti nawa ya ɗauka, Yaya? Ko tambayata bai yi ba." Ta gyara zama, ta dafa cikinta. "Na yafe miki, wallahi har zuciyata. Shi ma na yafe masa. Rumaisa 'yarsa ce, duk sanda ya so ya zo ya gan ta. Amma ɗakin nan ba zan iya komawa ba. Na wannan cikin saura sati biyar. In ya zo za a aiko muku. Ku taho da mai gwajinku tun kafin ranar suna, a auna shi, kada ku yi asarar rago."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta miƙe da dabara, ta ɗauki kwanon ƙuli-ƙulin ta juye a nata, ta wanke mini nawa ta kawo. Atamfar da sabulun ta mayar cikin ledarsu ta ajiye kusa da takalmana.

Na fito. Musa yana tsugune a gindin katanga, Rumaisa a kan cinyarsa tana wasa da makullin mashin. Ya miƙe da sauri. Bai dube ni ba, bayana ya leƙa, cikin zauren, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ga ledar a hannuna.

"Yaya, me ta ce?"

Ƙanen Jamila ya fito ya karɓi yarinyar daga hannunsa ya shige da ita. Na ce masa ya tayar da mashin.